Minakata Kumagusu da yauƙin daji

1. Yaron da ke kwafe littattafai

Japan ƙasa ce ta tsibirai, can gabas da ƙasar Sin. A kudancin babban tsibirinta akwai wani gari a bakin teku, ana ce da shi Wakayama. A nan aka haifi Minakata Kumagusu, ran 18 ga watan Mayu 1867. Mutanen Japan suna fara faɗin sunan gida kafin su faɗi sunan mutum. Saboda haka Minakata sunan gidansu ne, Kumagusu kuwa nasa ne na kansa. Ƙarshen sunan nan daga wani babban icce aka ɗauko shi, iccen da ake samun kafur daga jikinsa.

Ubansa ɗan kasuwa ne, yana sayar da tukwanen ƙarfe da sauran kayan ƙira. Tun Kumagusu yana ƙarami aka ga ba shi da abin so kamar takarda. A wancan zamani littafi yana da tsada, ba kowane gida ke da shi ba. Akwai wani babban littafi na sanin duniya, kashi 105, mai bayanin taurari, da duwatsu, da itatuwa, da dabbobi, da mutanen ƙasashe dabam dabam. Yaron nan yakan je gidan masu littafin ya karanta, ko ya aro kashi ɗaya ya zo da shi gida. Sai ya zauna ya kwafe shi da hannunsa, rubutu da zane duka. Ya yi shekaru yana wannan aiki. Wannan ɗabi'a ta kwafe abin da ya karanta ba ta rabu da shi ba har tsufansa.

Lakwal kam ba ta dame shi sosai ba. Ya fi son yawo bisa tsaunuka da bakin teku, yana tsintar tsiro da ƙwari da katantanwa. A 1883 ya tafi Tokyo, babban birnin ƙasar. A 1884 ya shiga makarantar share fagen shiga jami'a. Can ma sai ya riƙa barin aji yana tafiya ɗakin karatu da gidan dabbobi. Ya faɗi jarrabawar lissafi, ya bar makarantar a 1886, ya koma gida.

2. Shekara 14 a ƙasashen waje

A watan Disamba 1886 ya shiga jirgin ruwa, ya nufi Amurka. Ya sauka San Faransisko a watan Janairu 1887. Ya shiga makarantar koyon noma ta jihar Mishigan, amma a 1888 ya fita. Daga nan bai sake zama ɗan wata makaranta ba. Daji ya zama ajinsa, littafi ya zama malaminsa. Ya sayi madubin ƙara girman abu, wanda ake kira mikoroskop. A 1891 ya gangara kudu zuwa Fulorida, ya ƙetara teku zuwa tsibirin Kuba, yana tattara naman kaza, da gansakuka, da ƙananan tsirrai masu fita jikin dutse da jikin icce.

A watan Satumba 1892 ya isa Landan, babban birnin Ingila. Yana isa ya tarad da takardar rasuwar ubansa. Kuɗi suka yi masa ƙaranci, har ya kama wani ɗan ɗaki mai araha bisa bargar dawaki. Amma a Landan akwai babban gidan ajiye kayan tarihi na Birtaniya, mai ɗakin karatu cike da littattafan duniya. Nan Minakata ya mai da wurin wuninsa. Yana karanta Ingilishi, da Faransanci, da Jamusanci, da Latin, ban da rubutun Sin da ya iya tun yana yaro. Abin da ya kwafe a Landan ya cika manyan kaye 52.

A watan Oktoba 1893 wata jaridar masana ta Ingila mai suna Nature ta buga rubutunsa na farko. Bisa taurari ya yi shi, da yadda mutanen gabas suke rarraba su. Duka duka jaridar nan ta buga rubutunsa sau 51. A 1897 ya ƙulla abuta da Sun Yat-sen, wanda daga baya ya zama shugaban farko na jamhuriyar Sin.

Minakata yana da aibi biyu: zafin rai da shan giya. A 1897 wani Bature ya wulaƙanta shi cikin ɗakin karatu, shi kuwa ya kai masa duka. A 1898 wata rigima ta sake tashi, aka hana shi shiga wurin gaba ɗaya. Guzurinsa ya ƙare. A 1900 ya koma Japan, bayan shekara 14. Bai zo da takardar shaidar wata jami'a ba, bai zo da kuɗi ba. Akwatunan littattafai da busassun tsirrai ya kawo. Danginsa ba su ji daɗin ganin wannan kaya ba.

3. Mene ne yauƙin daji?

Daga 1901 zuwa 1904 ya zauna wajen Naci, cikin tsaunukan Kumano. Ƙasa ce ta ruwan sama mai yawa, da manyan itatuwa masu shekaru ɗaruruwa. Akwai wani ruwa a can da ke zubowa daga bisa dutse, tsawonsa metir 133. Kullum yana shiga kurmi da kwando da madubi, yana juya ruɓaɓɓun kututtura, yana tona tarin ganye. Cikin dukan abin da ya tara, wani ƙaramin abu ya fi kama zuciyarsa. Mutanen Japan suna ce da shi nenkin. Da Faransanci ana ce da shi myxomycète. A nan an sa masa suna yauƙin daji.

Wanda ya ɗaga ruɓaɓɓen icce a wuri mai laima, wani lokaci yakan ga wani abu ya malale a jikinsa, kamar an zubar da ɗanyen ƙwai ko kunu. Wani rawaya ne, wani fari, wani ja. In an taɓa shi, yana da santsi da yauƙi kamar miyar kuɓewa. In an duba da kyau, za a ga jijiyoyi a cikinsa, sun yi rassa kamar jijiyoyin ganye. Ba shi da kai, ba shi da ƙafa, ba shi da baki. Amma in an sa alama a bakinsa da safe, aka dawo da marece, sai a tarar ya gusa. Tafiyarsa ba ta wuce santimetir kaɗan cikin awa guda. Yana tafiya yana lulluɓe abincinsa, yana narkar da shi. Abincin nan shi ne bakteriya, wato ƙananan halittu da ido ba ya gani, da ƙurar funfuna, da ɓarɓashin abin da ya ruɓe.

Jikin mutum, da na akuya, da na gero, duka an gina su da ƙananan ƙwayoyin halitta, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Yawancin ƙwayoyin nan kowace tana da cibiya guda a cikinta, mai riƙe da umurnin aikinta. Yauƙin daji ya saɓa wa wannan tsari. Ko ya kai faɗin tafin hannu, ko faɗin faifai, ƙwaya guda ce tak. Babu bango a cikinsa da ya raba shi. Sai dai cibiyoyinsa suna da yawa, dubbai, har miliyoyi, suna yawo cikin ruwan jiki ɗaya.

In an sa jijiya guda ƙarƙashin mikoroskop, za a ga ruwan jikin yana gudu kamar ƙorama. Ya yi gaba kamar minti guda, ya tsaya, ya juyo baya, ya sake yin gaba. Jijiyar ce ke matsewa tana saki, tana tura ruwan. In turawar gefe ɗaya ta fi yawa, sai jikin duka ya gusa can. Ta haka yake bin ƙanshin abinci, yana kuma gudun haske mai ƙarfi da wuri busasshe.

4. Daga ƙura zuwa ƙura

Rayuwar yauƙin daji tana kewayawa ne, kamar yadda gero ke tashi daga iri ya koma iri. Ga matakanta.

Da farko akwai ƙurar iri. Ƙanana ne ƙwarai: sai an jera kamar 100 kafin su cika milimetir 1. Iska ce ke ɗaukarsu. Suna iya yin shekaru a bushe ba su mutu ba.

In ƙwayar ƙura ta faɗa wuri mai laima, sai ɓawonta ya tsage, wata ƴar halitta ta fito tana rarrafe. In ruwa ya yi yawa, sai ta fid da ƴar wutsiya ta riƙa iyo. In ruwan ya ragu, ta mai da wutsiyar ta koma rarrafe. Tana cin bakteriya, tana rabewa biyu, biyun su zama huɗu, har su yi yawa.

Sa'an nan biyu da suka dace da juna su haɗu, su zama ƙwaya guda. Daga nan cibiyar ce ke rabewa, jikin kuwa ba ya rabewa, sai girma. Wannan shi ne yauƙin da ido ke gani. In yauƙi biyu na dangi ɗaya suka gamu, sukan narke cikin juna su zama ɗaya. In kuma an yanka ɗaya gida biyu, kowane yanki ya ci gaba da rayuwarsa.

In fari ya same shi, ko sanyi mai tsanani, yana da dabara. Sai ya tattare, ya daskare, ya zama ɓawo mai tauri kamar ƙanzo. Haka zai kwanta wata da watanni. Ran da ruwa ya taɓa shi, cikin ƴan awoyi ya farka ya kama tafiya.

In ya ƙosa, ko abinci ya ƙare, sai ya fito daga ɓoye, ya hau wuri mai iska da ɗan haske. Nan zai tsaya, ya tsinke ƙanana ƙanana. Sau da yawa cikin dare guda kowane ɗan ƙulli zai tashi tsaye, ya zama ɗan kara mai kai, kamar ashana. Tsawon yawancinsu milimetir 1 ne ko 2. Waɗansu kamar ƙwan ƙwari suke, waɗansu kamar gashin tsuntsu, waɗansu suna walƙiya kamar ƙarfe. Cikin kawunan nan ƙurar iri take. Kan ya bushe, ya fashe, iska ta kwashe ƙurar, rayuwa ta koma mafari.

Wannan hali ya rikita masana. Sa'ad da yake tafiya yana ci, dabba ya yi kama da ita. Sa'ad da ya tsaya ya fid da iri, naman kaza ya yi kama da shi. A tsakiyar ƙarni na 19 wani masani na Jamus, Anton de Bary, ya bi rayuwarsa daga farko har ƙarshe, ya sa masa suna mai ma'anar dabba mai kamar naman kaza. Minakata shi ma wajen dabbobi ya karkata. A yau masana sun tabbatar ba tsiro ba ne, ba dabba ba ne, ba kuma naman kaza ba ne. Danginsa su ne amiba, waɗansu ƙananan halittu masu ƙwaya guda da ke zaune cikin ruwa da ƙasa. An san irinsa wajen 1,000. Ana samunsa a dukan nahiyoyi, har a ƙasashe masu ƙarancin ruwa, inda yake jiran damina a jikin ɓawon icce da tarin kara.

Minakata ya lura da wani abu. Mai wucewa in ya ga yauƙin a malale, sai ya ɗauka ƙazanta ce marar rai, ya kau da kai. Alhali lokacin ne yake ci, yake tafiya, yake girma. In kuma ya ga ƴan karan nan masu kyau sun tsaya, sai ya ce ga abu ya tsiro. Alhali yauƙin ya riga ya gama aikinsa, abin da ya rage busasshen rumbun iri ne. Wannan ya sa ya daɗe yana tunani bisa rai da mutuwa, da yadda ido ke ruɗin mai shi.

5. Gidan Tanabe

A 1904 ya sauka garin Tanabe, a bakin teku, nan kuwa ya zauna har ƙarshen ransa. A 1906 ya auri ɗiyar wani mai kula da ɗakin ibada na garin. Suka haifi ɗa a 1907 da ɗiya a 1911.

Ga yadda yake aiki. In ya sami yauƙin da ya fid da iri, sai ya yanko shi tare da guntun iccen da yake bisa. Ya shanya shi a inuwa, ya manna shi cikin ɗan kwali. Ya rubuta rana, da wuri, da irin iccen. Sa'an nan ya duba ƙurar cikin mikoroskop, ya zana abin da ya gani. Yakan kwana yana kallon yauƙi guda, don kada canjin kamarsa ya wuce shi. Ban da wannan, ya bar zanen naman kaza dubbai, da launi, kowane da bayaninsa.

A Ingila akwai wani masani, Arthur Lister, wanda ya buga babban littafi bisa yauƙin daji a 1894. Kwalayen Minakata suka bi jirgin ruwa, suka isa hannunsa. Bayan rasuwar Lister a 1908, ɗiyarsa Gulielma ta ci gaba da aikin. Ita da Minakata suka yi shekaru suna musayar takardu.

A 1916 Minakata ya koma wani gida mai fili da itatuwa. Cikin filin akwai iccen kaki, wanda ɗan uwan kanya ne, amma ƴaƴansa sun fi na kanya girma. A jikin ɓawon iccen nan ya ga wani ɗan ƙanƙanen yauƙi da bai taɓa gani ba, ya aika da shi Ingila. Gulielma Lister ta duba, ta ga babu irinsa cikin dukan waɗanda aka sani. A 1921 ta sa masa suna Minakatella longifila, don girmama wanda ya gano shi. Mutumin da ya ƙetara teku uku yana nema, a tsakar gidansa ya sami abin da ya ɗauki sunansa. A 1927 ya jera irin yauƙin daji da aka samu a Japan, suka kai 196.

6. Faɗa domin kurmi

A Japan akwai addinin gargajiya da ake kira Shinto. Kusan kowane ƙauye yana da ɗan ɗakin ibada, da kurmi kewaye da shi. Ba a saran iccen wannan kurmi. Saboda haka ko an share daji an yi gonaki, tsofaffin itatuwa suna nan tsaye a waɗannan wurare, da tsuntsaye, da tsirrai da ba a samu a wani wuri.

A 1906 gwamnati ta ba da umurni a haɗe ƙananan ɗakunan ibada, a bar ɗaya a kowace gunduma. In an rushe ɗaki, kurminsa ya rasa mai tsaro. Sai a sayar wa ƴan katako. Kafin 1914, cikin ɗakuna wajen 200,000 an kawar da kamar 70,000. Jihar Wakayama tana cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Kusa da Tanabe akwai wani ɗan kurmi a Itoda. A 1906 Minakata ya sami wani yauƙi mai launin shuɗi da kore a jikin wani icce na wurin, Lister kuma ya tabbatar sabon iri ne. Ba a daɗe ba aka haɗe ɗakin ibadar da wani, aka sare itatuwan ƙaf. Da ya koma, sai fili ya tarar. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

Daga 1909 ya fara rubutu cikin jaridun jihar. Ya aika wa masana da ƴan majalisa dogayen takardu. Ya jera dalilansa dalla dalla. In an sare kurmi, tsuntsaye su watse, ƙwari su yi yawa a gona. In tsauni ya tsiraita, ruwan sama ya kwashe ƙasa. In inuwar itatuwa ta bar bakin teku, kifi ya yi nisa da masunta. In wurin taron ƙauye ya ɓace, bukukuwa su mutu, zumunci ya yi rauni. Ya nuna cewa icce, da tsuntsu, da naman kaza, da yauƙin daji, da mutum, duka a ɗaure suke da juna. Ilimin wannan dangantaka shi ake kira ekoloji, Minakata kuwa yana cikin na farkon da suka yi aiki da kalmar a Japan don kare daji.

A watan Agusta 1910 wani jami'in gwamnati mai goyon bayan rushe ɗakunan ya zo taro a makarantar Tanabe. Minakata ya nemi ganinsa, aka hana shi shiga. Ya sha giya a ranar. Sai ya kutsa cikin zauren, ya jefa jakar da ke hannunsa. Ƴan sanda suka kama shi, ya yi kwana 18 a gidan kaso. Ko a can idonsa bai huta ba: ya sami yauƙin daji a jikin wani tsohon ginshiƙi, ya fito da shi ran da aka sake shi.

Fushin nan bai ceci icce ko ɗaya ba. Takardunsa ne suka yi aiki. A 1911 wani masanin al'adu, Yanagita Kunio, ya buga biyu daga cikinsu, ya rarraba wa manyan mutane a Tokyo. Sannu sannu masu goyon bayansa suka yi yawa, har majalisa ta sa baki, aka daina rushe ɗakunan. Faɗan ya ci masa wajen shekara goma. Kurmi da yawa sun riga sun tafi, amma waɗansu sun tsira. Cikinsu akwai na Kashima, wani ɗan tsibiri da ke cikin teku gaban Tanabe.

7. Kwalin alawa

Minakata bai taɓa riƙe aikin gwamnati ba, ba shi da albashi. A 1925 ɗansa ya kamu da ciwo mai tsanani wanda bai warke ba. A 1926 ya buga littattafai uku don ya sami kuɗin magani da na cefane. Mutanen gari suna ganinsa da tsofaffin tufafi, yana leƙen ruɓaɓɓen icce. Waɗansu suna girmama shi, waɗansu suna yi masa dariya.

Sarkin Japan na lokacin, Hirohito, shi ma mai son ilimin halittu ne, yana kuma tattara yauƙin daji. Ya ji labarin tsohon nan na Tanabe, ya so ya saurare shi. Ran 1 ga watan Yuni 1929 jirgin yaƙi mai suna Nagato ya tsaya gaban garin. Sarki ya sauka tsibirin Kashima, ya shiga kurmin da aka ceto. Bayan haka aka kai Minakata cikin jirgin. Shekarunsa 62, sarki kuwa 28. Ya sa wata tsohuwar kwat da ya sayo tun yana ƙasar waje. Ya yi wajen minti 25 yana bayani bisa yauƙin daji da halittun teku.

Bisa al'ada, kyautar da za a miƙa wa sarki cikin akwatin katako mai tsada ake sa ta. Minakata ya kawo yauƙin daji iri 110, amma cikin manyan kwalayen alawa ya jera su. Kwalin ba shi da nauyi, ba shi da wuyar buɗewa, shi kuwa abin da ke ciki ya dame shi. Fadawa suka yi mamaki. Sarki ya karɓa da murna, bai kuwa manta da wannan rana ba. A 1935 gwamnati ta sa Kashima cikin wuraren da doka ta tsare. A 1962 Hirohito ya sake zuwa jihar, ya hango tsibirin cikin ruwan sama, ya tsara ƴar waƙa da sunan Minakata a ciki.

8. Abin da ya bari

Minakata Kumagusu ya rasu a gidansa ran 29 ga watan Disamba 1941, yana da shekara 74. An binne shi a Tanabe. Matarsa da ɗiyarsa suka adana takardunsa da kwalayensa, ba su bari sun watse ba. A 1965 aka buɗe gidan tunawa da shi a Shirahama, kusa da Tanabe. A 2004 UNESCO ta sa tsofaffin hanyoyin Kumano da wuraren ibadarsu cikin kayan gadon duniya. Waɗansu manyan itatuwan da ke bakin hanyoyin nan, takardun Minakata ne suka hana gatari ya taɓa su.

Binciken yauƙin daji bai tsaya ba. A shekara ta 2000 waɗansu masana na Japan suka sa wani yauƙi rawaya cikin faranti mai hanyoyi masu ruɗarwa. Suka ajiye abinci a ƙofa biyu. Cikin ƴan awoyi ya janye jikinsa daga hanyoyin da ba su ɓulle ba, ya bar jijiya guda bisa hanyar da ta fi gajarta. A 2010 suka jera abinci bisa faranti kamar yadda garuruwa suke kewaye da Tokyo. Jijiyoyin da ya shimfiɗa tsakaninsu suka yi kama da hanyoyin jirgin ƙasa na yankin. Dalili shi ne, jijiyar da ruwan jiki ya fi bi takan yi kauri, wadda ba ya bi kuwa ta shanye. Da wannan kaɗai halitta marar ƙwaƙwalwa take zaɓen hanya.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa aka haifi Minakata, a wace shekara?
2. Me yake yi da littattafan da ya aro yana yaro?
3. Ta yaya yauƙin daji ya yi kama da dabba? Ta yaya ya yi kama da naman kaza?
4. Ku jera matakan rayuwarsa, daga ƙurar iri har ta koma ƙurar iri.
5. Me yake yi in fari ya same shi?
6. Ku kawo dalili uku da suka sa Minakata ya ƙi a sare kurmi.
7. Tsakanin jifa da jaka da rubuta takardu, wanne ya ceci itatuwa? Don me?
8. Akwai iccen da ba a sara a garinku? Ku tambayi tsofaffi dalili.

Aiki

Ku ɓamɓaro ɗan ɓawon tsohon icce, wanda ya riga ya saki, kada ku ji wa iccen ciwo. Ku shimfiɗa takarda cikin kwano, ku ɗora ɓawon bisa, ku zuba ruwa har ya jiƙe. Washegari ku tsiyaye ruwan, ku rufe kwanon, ku ajiye shi a inuwa cikin aji. Kullum ku duba da madubin ƙara girma, har sati uku, kuna yayyafa ruwa in takardar ta fara bushewa. Ba kowane ɓawo ke fid da yauƙi ba, saboda haka kowane rukuni ya gwada iccen dabam: gawo, tsamiya, kanya, aduwa. Ku zana abin da kuka gani cikin kaye, ku rubuta rana, da wuri, da sunan iccen. In kun gama, ku wanke hannu da sabulu.